Karen da Ka Tsinta Mai Kama da na Farauta: Wa Za Ka Tambaya Irinsa?

Wanda ya ɗauko kare daga bakin titi, ko ya karɓe shi daga hannun yara suna jansa da igiya, ko ya gaji wanda maƙwabci ya tashi ya bari, ba ya daɗewa kafin tambaya ta taso masa: wannan wane iri ne? Tambayar ta fi matsawa idan karen dogo ne, mai siraran ƙafafu da zurfin ƙirji, ciki a ɗame, baki da tsini. Wani zai ce na Buzaye ne. Wani ya ce ruwa biyu ne da na Turawa. Wani kuma ya ce karen ƙauye ne kawai, yunwa ce ta mayar da shi haka.

Hanyoyi biyar ne a gabanka: ka auna shi da kanka, ka tambayi manhajar waya, ka kai shi wurin mafarauta, ka kai shi asibitin dabbobi, ko ka aika yawunsa waje a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Farashinsu ya tashi daga kyauta har zuwa abin da ya fi albashin wata na mutane da yawa, kuma mafi tsadar ba ita ce mafi amfani ga kowa ba.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, har da na mota da na aike, ba farashin da aka rubuta kaɗai ba. Na biyu ƙarko: amsar za ta tsaya bayan wata shida, ko za ta sauya da zarar karen ya yi ƙiba, ko an sake ɗaukar hoto, ko an tambayi mutum na biyu? Na uku sauƙi, wato ko mutumin da ke Funtuwa ko Maraɗi zai iya bin hanyar ba tare da ɗan uwa a ƙasar waje ba. Na huɗu haɗari, ga karen, ga yaran gida, ga aljihu.

Akwai tambaya ta biyar da nake ɗora wa kowace hanya, kuma a ganina ta fi sauran nauyi: amsar da za ta ba ka za ta canza wani abu da kake yi wa karen? Idan za ta canza yawan abincinsa, ko tsayin katangar da za ta riƙe shi, ko allurar da za a yi masa ranar tiyata, ta cancanci wahala. Idan suna ne kawai da za ka faɗa wa baƙi, ka san iyakar abin da za ka kashe a kai.

Abu uku kafin kowace hanya

Yunwa tana sa kusan kowane kare ya yi kama da na farauta. Haƙarƙari ya fito, ciki ya shige, ƙafafu su yi kamar sun ƙara tsawo, fuska ta yi tsini saboda naman kumatu ya zube. Duk hukuncin da aka yanke a makon farko hukunci ne a kan rama, ba a kan iri ba. Ka ba shi mako shida zuwa takwas yana ci yana sha, an ba shi maganin tsutsar ciki, an cire masa kaska da ƙuma. A kwanakin farko a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, domin cika wa wanda ya daɗe da yunwa ciki a tashi ɗaya yana iya halaka shi. Wanda ya murmure ya yi faɗi, ka samu rabin amsarka a kyauta. Wanda ya murmure, gashi ya yi sheƙi, cinyoyi suka cika amma har yanzu ciki a ɗame, to haka aka halicce shi.

Na biyu, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ne ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suka ɗauka. Uku daga cikin hanyoyin nan biyar suna buƙatar a taɓa bakin karen ko kusa da shi. Kada ka sa hannu a bakin karen da ba ka san tarihinsa ba, kada yara su yi wasa da shi, a keɓe shi har likita ya gan shi. Idan ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Na uku, cigiya. Karen farauta yakan ɓace a daji ko ya faɗo daga mota a hanyar dawowa, kuma mai shi yana nemansa. Ka sanar da mai unguwa kafin ka saba da shi.

Hanya ta farko: idonka da tef ɗin tela

Ba ta cin ko sisi, kuma idan aka yi ta da awo maimakon kallo kawai tana rage zaɓi sosai. Ka tsayar da karen a ƙasa mai daidai, ka auna tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, sannan tsawonsa daga gaban ƙirji zuwa ƙarshen ɗuwawu. Ka auna nauyinsa ta hanyar hawa sikeli da shi a hannu sannan ka cire naka.

Karnukan farauta gida biyu ne. Akwai masu bi da ido da gudu, sirara, masu dogon wuya. Akwai masu bi da hanci, irin su Bigil na Ingila, masu kauri da dogayen kunnuwa masu lilo, hanci kullum a ƙasa. A ƙasar Hausa gida na farko ake gamuwa da shi, kuma ga waɗanda ake yawan ambata.

Azawak shi ne namu na kusa. Sunansa na kwarin Azawak ne, wanda ya ratsa arewacin Tawa, ta wajen Abalak da Cin Tabaradan, har zuwa Menaka a Mali, kuma Abzinawa da Fulani makiyaya ne suka raine shi don gadin zango da kamun zomo da barewa. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta amince da shi a 2019. A ma'aunin da aka rubuta masa, namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 da kilo 20 zuwa 25, mace santimita 60 zuwa 70 da kilo 15 zuwa 20. Alamarsa mafi ƙarfi ita ce tsayinsa ya fi tsawonsa, kamar 10 da 9. Ƙashin ƙugunsa yana daidai da kafaɗa ko ya ɗan fi ta, gashi gajere ƙwarai, ciki kusan babu gashi, kunne a kwance. A lafiyayyen Azawak ana ganin haƙarƙari uku zuwa biyar, kuma wannan ba rama ba ce.

Sulugi na Maroko da Aljeriya da Tunisiya ya yi kusa da shi a tsayi, amma ya fi shi cika, tsayi da tsawo sun kusa zama ɗaya, yawanci launin rairayi da baƙar fuska. Saluki na ƙasashen Larabawa da Iran galibi yana da dogon gashi mai laushi a kunne da wutsiya. Karen tseren Ingila, wanda manhajoji ke rubutawa Greyhound, ya fi su duka girma da nauyi, bayansa a lanƙwashe, ƙananan kunnuwansa a naɗe zuwa baya. Basenji na Kongo kuwa ƙarami ne, santimita 40 zuwa 43, kunne a tsaye, wutsiya a nannaɗe, goshi da tattara, kuma ba ya haushi irin na sauran karnuka.

Sai wanda ba ya cikin littafin kowa, kuma shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba: karen ƙauyenmu, ja ko fari da ja, matsakaici, siriri, mai juriyar rana. Mutane da yawa suna ɗaukarsa gauraye ne na wasu iri. Ba haka ba ne. Yawancin irin da ke da suna da takarda an tsara su ne a Turai cikin shekara 200 da suka wuce, shi kuwa yana nan tun kafin su.

Raunin wannan hanya shi ne ƙarko. A 2009 wata likitar dabbobi a Amurka, Victoria Voith, ta gwada sunayen da ma'aikatan gidajen ceton karnuka suka ba karnuka 20 da abin da gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna, sai aka samu daidaito a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Mutanen da ke wuni da karnuka ke nan. Ga kuma wani bincike na 2017 a kan iri 161 da ya nuna cewa karen tseren Ingila ya fi kusa da karnukan kiwon tumaki na Birtaniya a jini, Azawak da Sulugi da Saluki kuwa suna wani reshe daban. Aiki ɗaya ne ya ba su siffa ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Haɗarin da ke nan shi ne ka yanke cewa Azawak ne ka bar mara lafiya a rame, ko ka yanke cewa rama ce ka ɗura wa siririn kare abinci har gaɓoɓinsa su gaza.

Hanya ta biyu: manhajar waya

Google Lens da manhajoji irin su Dog Scanner suna ba da amsa cikin daƙiƙoƙi, kuɗinsu data ne kawai, kuma babu haɗari ga karen. Iyakar alherinsu ke nan. An horar da su da hotunan karnukan Turai da Amurka, kuma dole su zaɓi suna daga jerin da suka sani. Ka ɗauki karen daga gefe su ce wani iri, ka ɗauke shi daga gaba su ce wani, su kuma liƙa wa kowace amsa kaso cikin ɗari da zai sa ta yi kama da ilimi. Idan za ka gwada, ka ɗauki hoto biyar a haske mai kyau, karen a tsaye. In duka sun nuna gidan masu bi da ido, ka riƙe wannan kaɗai ka watsar da sunayen. Abin da nake tsoro a nan shi ne mutum ya ga suna mai tsada a waya ya fara lissafin sayar da 'yan kwikwiyo.

Hanya ta uku: mafarauta

Wannan ita ce hanyar da masu rubutu daga waje ba su san da ita ba, kuma ga karen da aka tsinta a ƙasar Hausa tana gaba da manhaja da nisa. Kusan kowane gari yana da sarkin baka ko sarkin dawa, ko dai wani dattijo da aka sani da karnuka. Kuɗinta goro ne da na mota da ladabi. Ka je da wanda ya san shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Baba, ga wani bawan Allah na tsinta, na ce bari in kawo ka duba mini.”

Ba zai ba ka sunan da ke cikin littafi ba. Abin da zai duba daban ne: faɗin ƙirji, tafin ƙafa ko ya saba da ƙaya da tsakuwa, tabon haƙori ko na ƙaho a fuska da kafaɗa, kunnen da aka yanke, yadda karen ke ɗaga kai idan ya ji fito ko ƙaho. Daga nan yakan gane abin da babu gwajin da zai nuna, wato ko an taɓa fita daji da wannan kare. Yakan iya cewa wannan jinin arewa ne, irin da ake saukowa da shi daga wajen makiyaya, ko kuwa na gida ne. Wani lokaci ma ya san gidan da aka haife shi, domin mafarauta sun san karnukan junansu, suna ba juna 'yan kwikwiyo, suna kai karya gidan wanda karensa ya yi suna. Idan haka ta faru, cigiyarka ta zo ƙarshe, kuma ka shirya zuciyarka ga mayar da shi.

Wannan ilimi yana da amfani kai tsaye. Karen da ya ɗanɗani farauta ba a sakinsa cikin kaji da 'yan awaki a ranar farko, kuma katangar da ta kai ƙirjin mutum ba ta tsare shi. Ga wanda ke kula da hukuncin addini ma, tambayar ko karen zai yi gadin gona ko farauta ko tsaron dabbobi ba ƙarama ba ce, tunda waɗannan su ne dalilan da hadisi ya ambata na ajiye kare, kuma mafarauci ya fi kowa iya amsa ta.

Ƙarkon amsar ya dogara da mutumin. A kan aiki da hali takan tsaya. A kan asali, dattawa biyu suna iya saɓawa. Haɗarinta na gaske ne kuma kada a raina shi. Karnukan mafarauta da yawa ba su da rigakafi, don haka kada ka kai naka cikinsu sai an yi masa allura ta kama jiki, ko kuwa ka roƙi dattijon ya zo gida. Za a iya ce maka a fita da shi daji a gwada. Kada ka yarda da karen da bai gama murmurewa ba, kuma bai san kiranka ba. Idan aka kushe shi sannan aka ce ka bar shi a nan, ka nemi ra'ayi na biyu. Maganin da za a ba ka na ƙara masa zafi ko zuciya kuma, ka gode ka ajiye.

Hanya ta huɗu: likitan dabbobi

Gaskiya likita ba masanin iri ba ne. An koya masa cuta da magani, kuma idan ya kalli kare ya faɗi suna, hasashe yake yi kamar kowa, sai dai hasashen wanda ya ga karnuka da yawa. Duk da haka ita ce hanya ɗaya da ban yarda a tsallake ba, domin tana amsa tambayoyin da ke ƙarƙashin tambayarka.

Daga haƙora zai ƙiyasta shekaru. Haƙoran girma suna gama fitowa a wata shida zuwa bakwai, kuma wannan yana da muhimmanci saboda kwikwiyon babban iri, ɗan wata biyar, dogo ne siriri kamar na farauta, bayan shekara kuma ya zama ƙato. Zai taɓa haƙarƙari da ƙugu ya bambanta siranta ta halitta da rama ta ciwo, domin a ramamme naman cinya da na baya sun zube, a siririn halitta kuwa suna nan da tauri. Gwajin jini zai nuna cututtukan da kaska ke sawa, waɗanda suka yi yawa a karnukanmu kuma suke shanye jini su bar kare a bushe duk yawan abin da yake ci. A manyan birane irin Abuja da Yamai, inda baƙi kan tafi su bar karnuka, ka nemi a duba ko an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya; idan akwai, lambarta tana iya kai ka ga mai shi da takardunsa gaba ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa sanin gidan karen yake iya ceton ransa. An tabbatar a karen tseren Ingila cewa wasu tsofaffin alluran sa barci, irin su tayofental, suna daɗewa ba su sake shi ba, saboda ƙarancin kitse da yadda hantarsa ke sarrafa su. Don haka likitoci sukan yi taka-tsantsan da duk kare mai irin wannan jiki. Kafin fiɗiya ko ɗinki ko wata tiyata, ka faɗa da bakinka: “Likita, ana zaton jinin masu gudu ne, a duba allurar barcin.”

Kuɗinta matsakaici ne: kati, rigakafin hauka, maganin tsutsa, gwajin jini in an buƙata. Asibitocin gwamnati na jiha sun fi araha, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato, wadda take aiki tun 1924 kuma take yin allurar rigakafin hauka. Wahalarta ɗaukar karen ce, tunda ba kowane mai Keke Napep ne zai yarda ba, kuma a ƙananan garuruwa ma'aikacin ya fi sabawa da shanu da awaki. Haɗarin da ya fi yawa shi ne faɗawa hannun mai sayar da magani da ke kiran kansa likita.

Hanya ta biyar: gwajin ƙwayoyin halitta

Kamfanoni biyu ne suka fi suna, Embark da Wisdom Panel, dukansu a Amurka. Za a aiko maka da ɗan tsinke mai auduga, ka goga a cikin kumatun karen bayan ya ɗan jima bai ci komai ba, ka rufe ka mayar. A can za a karanta dubban alamomi a ƙwayoyin halittarsa a gwada da na karnukan da ke rumbunsu, sama da iri 350. Sakamako yakan fito mako biyu zuwa huɗu bayan saƙon ya isa.

Farashi yana tsakanin dala 100 da 200, gwargwadon ko an haɗa da binciken cututtukan gado. Wannan na mazaunin Amurka ne. Kai sai ka ƙara katin da ke biyan dala, da kuɗin kawowa, da na mayarwa, waɗanda suke iya kusantar kuɗin gwajin kansa in ba ka da matafiyi. A ma'aunin sauƙi ita ce ta ƙarshe.

A ƙarko fa? Ga karen da kakanninsa irin Turai ne, babu hanyar da ta kai ta. Idan a Jos ko Kaduna ka tsince shi kuma kana zargin akwai jinin karen 'yan sanda ko wani irin waje, gwajin zai faɗa maka da ƙarfi. Amma ka fahimci yadda yake aiki: ba ya karanta suna a cikin jini, kwatantawa yake yi da abin da aka tara. Idan rumbun kamfani ba shi da karnukan yankinmu, sai na'ura ta rarraba naka zuwa gutsattsarin iri biyar ko shida da kakanninsa ba su taɓa gani ba. A nan Embark yana da fifiko, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi a 2015, Adam Boyko na Jami'ar Cornell, ya yi bincike a kan karnukan ƙauyukan Afirka tun 2009, kuma kamfanin yana da rukuni na karen ƙauyen Afirka ta Yamma. Don haka ka shirya: mai yiwuwa ƙwarai ka biya wannan kuɗi duka a ce maka karenka karen ƙauye ne ɗari bisa ɗari. Amsa ce ta gaskiya, kuma mai kyau, amma dattijon can ya riga ya ba ka ita da goro.

A kan Azawak akwai wata matsala. Waɗanda ke Turai da Amurka sun fito ne daga 'yan karnuka kaɗan da aka ɗauka daga Sahel, alhali a can gida babu katanga tsakanin karen zango da na ƙauyen da ke kusa. Karen da aka haifa a Abalak yana iya fitowa rabi Azawak rabi na ƙauye a takarda, kuma makiyayin da ya raine shi ba zai gane wannan rabon ba.

Sakamakon ba takardar asali ba ce. Ƙungiyoyin rajistar karnuka ba sa yi wa kare rajista da shi. Ba ya kuma faɗin hali. Wani babban bincike da aka buga a 2022, a kan karnuka sama da 18,000, ya gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Inda gwajin yake da amfani na zahiri shi ne ɓangaren lafiya, misali gano matsalar gado da ake kira MDR1, wadda ke sa maganin aibamektin, wanda aka fi sani da Ivomec, ya zama guba idan an ba da shi da yawa. An fi samunta a karnukan kiwon tumaki na Birtaniya da danginsu, don haka ta fi shafar mai jinin waje.

Haɗarinta na aljihu ne. Samfurin yana iya lalacewa a hanya, ko ya gauraya idan karen yana sha a kwano ɗaya da wani. Ka kuma guji kamfanoni masu arha da ba a sani ba: 'yan jarida a Kanada da Amurka sun taɓa aika yawun mutum ga wasu irinsu, aka dawo musu da jerin sunayen karnuka.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarkon amsa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ido da awo | Babu | Rauni a kan suna, dama-dama a kan gida | Sosai, bayan mako 6 zuwa 8 | Kuskuren ciyarwa |
| Manhaja | Data | Tana sauyawa da hoto | Sosai | Ruɗin suna mai tsada |
| Mafarauta | Goro da mota | Ƙarfi a kan aiki da hali | Sai da ɗan jagora | Cuta daga wasu karnuka, gwaji a daji |
| Likita | Matsakaici | Ƙarfi a kan lafiya da shekaru | Ya danganta da gari | Likitan bogi |
| Gwajin ƙwayoyin halitta | Dala 100 zuwa 200, ban da aike | Ƙarfi ga jinin waje, ya danganta da rumbu ga namu | Da wuya | Asarar kuɗi |

Wace ce taka?

Idan gida ne mai yara kuma gadi kake so, likita ya ishe ka, sai ka sa ido a kan halin karen da kanka na wata biyu: yadda yake yi da baƙo, da abinci a gabansa, da yaro mai gudu. Wannan kallon ya fi kowane suna faɗa maka abin da kake buƙata.

Idan kana da kaji ko awaki ko gona, ko kana tunanin fita daji da shi, likita da farko, mafarauci na biyu, da tazarar da rigakafi ke buƙata a tsakani.

Idan a Tawa ko Agadas ko kan iyakar Sakkwato da Katsina ka same shi, kuma awo ya nuna tsayi ya fi tsawo, ka nemi makiyayi Ba'abzine ko Bafillace ya gan shi. Su ne masu irin, kuma idonsu ya riga kowane ma'auni da aka rubuta.

Idan a babban birni ka tsince shi, yana da alamun jinin waje, kuma za a yi masa tiyata ko doguwar jinya, gwajin da ya haɗa da lafiya yana iya biyan kuɗinsa, in kana da halin yi ba tare da ka taɓa kuɗin abincinsa da rigakafinsa ba. Haka ma Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Amurka ya ɗauko kare daga gidan ceto: a wurinsa gwajin yana da sauƙi, rumbun ya san karnukan ƙasar, kuma mai gidan haya ko kamfanin inshora yana iya tambayar irin.

Idan niyyarka kiwo ne don sayarwa da sunan Azawak ko Saluki, babu ɗaya cikin biyar ɗin da za ta ba ka hujjar da mai saye na gaskiya zai karɓa, tunda ba ka san uwa ba, ba ka san uba ba.

Idan kuwa son sani ne kawai kuma aljihu ba nauyi, ka auna shi ranar da ya cika wata biyu a hannunka, ka rubuta tsayi da tsawo da nauyi a bayan katin rigakafinsa, ka ɗauki hotonsa daga gefe, ka sake yin haka bayan wata shida ka gwada.